Darasi Daga Harin Mirai: Haɗarin Na'urorin Gida Masu Haɗi da Intanet da Ƙa'idojin Tsaronsu

Ranar Juma'a 21 ga watan Oktoba, 2016, miliyoyin mutane a Amurka sun wayi gari sun kasa buɗe Twitter da Netflix da Spotify da Reddit da GitHub. Su shafukan lafiyarsu ƙalau. Wanda ya durƙushe shi ne Dyn, kamfanin da ke juya sunan shafi zuwa lambar adireshin da kwamfuta ke ganewa. Da aka bi diddigin inda harin ya fito, sai aka tarar kyamarorin tsaro ne da na'urorin naɗar bidiyo na CCTV da rautoci, waɗanda ke ajiye a gidaje da shagunan mutane a ƙasashe daban-daban. Masu su ba su ma san ana yaƙi da kayansu ba.

Wannan darasi zai yi bayanin yadda hakan ya faru, da sauran ƙofofin da ake bi a shiga na'urorin gida, da ƙa'idojin da ƙasashe suka kafa daga baya, sannan abin da ya kamata mai saye ya yi idan yana zaune a inda waɗannan dokoki ba su kai ba.

Wace na'ura ake nufi?

Duk wani kayan gida da ke hawa intanet, ana iya sarrafa shi ta waya, ya shiga wannan sahu: kyamarar tsaro, ƙararrawar ƙofa mai kyamara, makullin ƙofa na zamani, ƙwan lantarki da soket masu Wi-Fi, talabijin mai intanet, akwatin talabijin na Android, lasifika mai sauraron umarni, har da inbata ta sola mai tura bayanin caji zuwa waya. Ita ma rautar da ke raba musu intanet tana cikinsu.

Kowace ɗaya daga cikinsu ƙaramar kwamfuta ce. Da yawansu tsarin Linux ne a ciki. Bambancinsu da waya ko kwamfuta shi ne, ba su da allon da zai nuna wa mai su cewa wani abu na faruwa, ba a sa musu manhajar riga-kafin ƙwayar cuta, kuma a kunne suke dare da rana. Da zarar an ɗaura kyamara a bango ta fara nuna hoto, shi ke nan an manta da ita, wani lokaci har shekaru.

Yadda Mirai ke aiki

Mirai ƙwayar cutar kwamfuta ce da aka fara ganowa a watan Agusta na 2016. Kalmar daga harshen Japananci take, ma'anarta "nan gaba". Abin mamaki game da ita shi ne sauƙin aikinta. Ga matakan da take bi:

1. Na'urar da ta kamu tana ƙwanƙwasa adireshin intanet barkatai, tana neman wanda ya bar ƙofar Telnet a buɗe, wato ƙofa mai lamba 23 ko 2323. Telnet tsohuwar hanya ce ta ba wa na'ura umarni daga nesa, kuma ba ta ɓoye abin da ake rubutawa.

2. Idan ƙofar ta amsa, sai ta gwada suna da kalmar sirri daga wani jeri na kusan guda 60 da ke cikinta. A jerin akwai admin da admin, root da 12345, root da 888888, root da xc3511. Duk kalmomin da masana'antu ke sa wa kayansu ne kafin su fito kasuwa.

3. Idan ɗaya ta buɗe, sai ta kai rahoto ga uwar garken masu kutsen, a turo kwafin cutar da ya dace da ƙwaƙwalwar na'urar.

4. Tana shiga sai ta kashe duk wata cuta da ta riga ta, ta rufe ƙofar da ta bi don kada wani ya biyo baya, ta zauna jiran umarni.

Tarin na'urorin da aka kame ta wannan hanya shi masana ke kira botnet. Ranar da mai rundunar ya ba da umarni, dukkansu sai su dinga aika buƙatu zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya har hanya ta toshe, mai buƙata ta gaskiya ya rasa wurin wucewa. Wannan shi ne harin cunkoso, wanda aka fi sani da DDoS.

Wani bincike da masana daga Google da Akamai da Cloudflare da wasu jami'o'in Amurka suka gabatar a 2017 ya nuna cewa Mirai ta kama na'urori kusan 65,000 cikin sa'o'i 20 na farko, kuma a ganiyarta ta kai kusan 600,000.

Akwai abu biyu da ya kamata a lura da su. Na farko, Mirai ba ta zama a ma'adanar dindindin ta na'ura. Idan aka kashe aka kunna, ta goge. Sai dai muddin ba a canza kalmar sirri ba, cikin 'yan mintuna wata na'urar za ta sake harbo ta. Don haka yawan ɗauke wutar lantarki ba magani ba ne. Na biyu, a wasu na'urorin da ke ɗauke da kayan ciki na kamfanin Xiongmai na ƙasar Sin, kalmar sirrin Telnet a dashe take cikin manhajar na'urar. Ko mai ita ya canza kalmar da yake shiga da ita ta burauza, waccan tana nan daram. Bayan harin Dyn, kamfanin ya sanar da janye wasu kyamarorinsa daga kasuwar Amurka.

Su wa suka rubuta ta, kuma ina ɓarnar ta kai?

Wasu matasa uku ne 'yan Amurka: Paras Jha da Josiah White da Dalton Norman. Sun amsa laifinsu a watan Disamba na 2017. Asalin abin da ya kai su shi ne neman kuɗi a harkar hare-haren cunkoso, musamman a kan uwar garken wasan Minecraft. A watan Satumba na 2016 an kai wa shafin ɗan jarida Brian Krebs hari da Mirai mai ƙarfin kusan gigabit 620 a daƙiƙa, aka kuma kai wa kamfanin OVH na Faransa wanda ya fi shi girma. A ƙarshen watan ne aka saki lambobin manhajar a fili, kowa na iya ɗauka. Daga nan abin ya fi ƙarfin masu shi, domin harin Dyn ma wasu ne daban suka kai shi da kwafin da aka saki.

A watan Nuwamba na 2016, wani nau'in Mirai ya durƙusar da rautoci kusan 900,000 na kwastomomin Deutsche Telekom a Jamus. Mutumin da ke bayan wannan, wani ɗan Birtaniya mai suna Daniel Kaye, shi ne kuma ya yi ta kai wa kamfanin sadarwa na Lonestar da ke Laberiya hari, bayan wani jami'in kamfanin da ke gogayya da shi ya biya shi. Harin ya kawo cikas sosai ga intanet a ƙasar. A watan Janairu na 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 2 da wata 8. Har yau ana samun sababbin cututtuka da aka gina a kan lambobin Mirai.

Sauran ƙofofin da ake bi

Mai amfani da rautar 4G ko MiFi na iya cewa shi wannan bai shafe shi ba. Akwai ƙamshin gaskiya: kamfanonin waya galibi suna tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya, don haka mai ƙwanƙwasa ƙofa daga waje ba ya isa ga kyamara kai tsaye. Amma Telnet ɗaya ce kawai daga cikin ƙofofi.

*Hanyar P2P.* Kyamarori masu araha da yawa su ne ke fita da kansu su yi rajista a uwar garken kamfani, don mai su ya iya kallo daga ko'ina ta hanyar ɗaukar hoton lambar QR. Wannan tsari yana tsallake duk katangar rauta. A 2019 wani mai bincike, Paul Marrapese, ya gano cewa a tsarin iLnkP2P ana iya ƙirga lambobin na'urori a jere a gano su, a kuma saci kalmar sirri a hanya. Na'urori kusan miliyan 2 abin ya shafa. A 2021 kamfanin Mandiant ya bankaɗo wani rauni makamancinsa a tsarin Kalay na kamfanin ThroughTek.

*Asusun mai na'ura.* Idan mutum na amfani da kalmar sirri ɗaya a ko'ina, ranar da aka fasa wani shafi aka kwashe kalmomin, sai a gwada su a asusun kyamararsa. Haka aka yi wa masu kyamarar Ring a Amurka a 2019, inda masu kutse suka riƙa magana da yara ta lasifikar kyamarar ɗakinsu.

*Kamfanin kansa.* A watan Mayu na 2023, Ring ya amince ya biya dala miliyan 5.8 don sasantawa da hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC. Cikin zargin da hukumar ta yi har da cewa wani ma'aikaci ya shafe watanni yana kallon bidiyon mata kwastomomi a ɗakunan kwana da banɗaki. Duk bidiyon da ya hau uwar garken kamfani, tsaronsa ya koma hannun kamfanin.

*Cuta tun daga masana'anta.* A 2023 aka gano wata cuta mai suna BadBox a cikin akwatunan talabijin na Android marasa suna, wadda aka dasa tun kafin a sa su a kwali. A watan Disamba na 2024 hukumar tsaron intanet ta Jamus ta katse hanyar na'urori kusan 30,000 da suka kamu, a watan Yuni na 2025 kuma FBI ta fitar da gargaɗi a kan sabon nau'inta. Irin wannan akwati yana danna tallace-tallace a ɓoye, yana kuma ba wa wasu hayar layin gidan su wuce ta ciki. Datar mai gida ce ke ƙonewa, kuma idan aka aikata laifi, adireshinsa ne zai bayyana.

*Na'urar da aka yi watsi da ita.* Babu manhajar da ba ta da kuskure. Abin dubawa shi ne ko akwai wanda zai gyara idan an gano. Na'urar da kamfaninta ya daina sabunta ta, duk raunin da aka gano a cikinta zai zauna har ranar da za a cire ta daga wuta.

Idan aka duba waɗannan duka, za a ga yawancin matsalar an yanke ta ne tun a masana'anta, mai saye bai ma ga kwalin ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ne ya sa hukumomi suka juya kan masu ƙerawa.

Ƙa'idar ETSI EN 303 645

Wannan ita ce ƙa'idar da ƙasashe da dama suka ɗora dokokinsu a kai. Cibiyar tsara ƙa'idojin sadarwa ta Turai, ETSI, ta fitar da ita a watan Yuni na 2020, bisa wani kundin shawarwari da gwamnatin Birtaniya ta wallafa a 2018. Tana da ginshiƙai 13:

1. Kada a sa kalmar sirri iri ɗaya a kan dukkan na'urori.
2. A samar da hanyar karɓar rahoton rauni daga masu bincike.
3. A riƙa sabunta manhaja.
4. A adana mabuɗan sirri a wuri mai tsaro cikin na'urar.
5. A ɓoye bayanai yayin aika su.
6. A rufe duk ƙofar da ba a amfani da ita.
7. Na'ura ta iya gane ko an taɓa manhajarta.
8. A kare bayanan mai amfani.
9. Na'ura ta jure ɗaukewar wuta ko intanet, ta dawo lafiya.
10. A riƙa duba bayanan aikin na'ura don gano abin da ya saɓa.
11. A sauƙaƙa wa mutum goge bayanansa.
12. A sauƙaƙa girkawa da kulawa.
13. A tantance duk bayanin da ke shigowa kafin a yi aiki da shi.

Da an bi ginshiƙi na 1 da na 6 kaɗai, da Mirai ta farko ba ta samu wurin shiga ba.

Dokokin ƙasashe

*Birtaniya.* Dokar PSTI ta 2022 ta fara aiki ranar 29 ga Afrilu, 2024. Ta ɗauki ginshiƙai uku na farko ta mayar da su tilas: an haramta kalmar sirri ta bai ɗaya ko mai sauƙin cinka, dole kamfani ya bayyana inda za a kai masa rahoton rauni, dole kuma ya faɗi mafi ƙarancin lokacin da zai ci gaba da sabunta na'urar. Dokar ta hau kan masu ƙerawa da masu shigo da kaya da masu rarrabawa. Tara na iya kaiwa fam miliyan 10 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya, duk wanda ya fi yawa.

*Tarayyar Turai.* Dokar CRA ta fara aiki ranar 10 ga Disamba, 2024, amma manyan sharuɗɗanta za su hau kan kamfanoni daga 11 ga Disamba, 2027. Ta fi ta Birtaniya faɗi, domin ta shafi kusan duk kaya mai manhaja. Ta tanadi aƙalla shekara 5 na sabuntawa, sai dai idan rayuwar kayan ba ta kai haka ba, da kuma sanar da hukuma cikin sa'o'i 24 idan aka gano ana amfani da wani rauni wajen kai hari.

*Amurka.* Jihar Kalifoniya ce ta fara da dokar SB-327, wadda ta soma aiki ranar 1 ga Janairu, 2020: ko dai kowace na'ura ta zo da kalmarta daban, ko ta tilasta wa mai ita ƙirƙiro sabuwa a kunnawar farko. A matakin tarayya, hukumar sadarwa ta FCC ta amince da tambarin Cyber Trust Mark a watan Maris na 2024, wanda shigarsa ganin dama ne ga kamfani.

*Singafo.* Tun daga watan Oktoba na 2020 take liƙa wa na'urori tambari mai mataki 4. Yawan alamomin da ke jikin tambarin shi ke nuna zurfin gwajin da aka yi wa na'urar.

Ina matsayin Matter?

Mai saye zai riƙa ganin tambarin Matter a jikin kwalaye. Tsari ne da ƙungiyar CSA ta fitar a watan Oktoba na 2022, da hannun Apple da Google da Amazon da Samsung, don kayan kamfanoni daban-daban su riƙa fahimtar juna. Ta fuskar tsaro yana da amfani: kowace na'ura na zuwa da takardar shaida ta dijital da ake tantancewa lokacin haɗa ta, saƙonni a ɓoye suke tafiya, kuma ana iya sarrafa kaya a cikin gida ko babu intanet. Sai dai tambarin bai ce komai ba game da abin da manhajar kamfanin ke tarawa a waya, ko shekara nawa za a yi ana gyara na'urar.

Mai saye a inda dokar ba ta kai ba

Dokar Birtaniya tana aiki ne a kan kayan da aka sayar a Birtaniya, ta Turai kuma a kasuwar Turai. Kyamarar da aka saya a Kano ko Legas ko Yamai babu abin da ya ɗaure ta da waɗannan sharuɗɗa, kuma babu abin da zai hana a karkato da kayan da suka kasa cika su zuwa wata kasuwar. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya ari tambayoyi ukun nan na dokar PSTI ya yi wa kansa alƙalanci kafin ya biya kuɗi:

Shin na'urar na zuwa da kalmar sirrinta daban, ko tana tilasta a canza?
Shin kamfanin na da suna da shafi da adireshin da ake kai masa rahoto?
Shin ya faɗi har zuwa yaushe zai riƙa sabunta ta?

Kwalin da babu sunan kamfani a jikinsa ya faɗi tambaya ta biyu da ta uku tun kafin a buɗe shi. Arha ba ta ado.

Matakan da za a ɗauka a gida

1. A fara da rauta. A canza kalmar shiga shafin saitinta, wadda ta bambanta da kalmar Wi-Fi. A sa tsaron Wi-Fi a kan WPA2 ko WPA3, a kashe WPS.

2. A kashe UPnP a rauta. Shi ne ke ba wa na'ura damar buɗe wa kanta ƙofa zuwa waje ba tare da an tambayi kowa ba.

3. A ware na'urorin gida a layin baƙi na rauta, waya da kwamfutar da ake hulɗar banki da su kuma su zauna a babban layi. Idan akwatin talabijin ya kamu, ba zai ga sauran ba.

4. Bayan mai saka CCTV ya gama aiki, mai gida ya canza kalmar sirri da hannunsa, ya duba jerin asusun da ke cikin na'urar naɗar, ya goge wanda bai sani ba. Asusun manhajar waya ya zama da imel ɗinsa aka buɗe.

5. A shiga saitin kyamara a kashe Telnet da SSH idan akwai, a kashe P2P idan ba a buƙatar kallo daga nesa.

6. Kowane asusu da kalmarsa daban, a kuma kunna tantancewa mai mataki biyu.

7. A kunna sabuntawa ta atomatik. Inda babu, a riƙa leƙa shafin kamfanin lokaci zuwa lokaci.

8. Na'urar hannu, wato tokumbo, a mayar da ita saitin masana'anta, a tabbatar tsohon mai ita ya cire ta daga asusunsa.

9. Kada a sa kyamara mai intanet a ɗakin kwana. Tsakar gida da ƙofar shiga ma a yi tunanin wa za ta riƙa ɗauka, domin iyali ne.

10. Akwatin Android da ke alƙawarin tashoshi kyauta, ko wanda ke neman a kashe Play Protect, a guje shi.

Alamomin da za su sa a yi zargi sun haɗa da data na ƙarewa da wuri ba dalili, intanet na nauyi alhali babu mai amfani da shi, kyamara na juyawa da kanta, ko baƙon suna a jerin na'urorin da ke kan rauta. Idan aka ga haka, a cire na'urar daga intanet, a mayar da ita saitin masana'anta, a sabunta manhajarta, a sa sabuwar kalmar sirri, sannan a mayar da ita. Cutar da aka dasa tun daga masana'anta irin BadBox ba ta fita da wannan. Maganinta a daina haɗa akwatin da intanet.

Kammalawa

Mirai ta kama dubban ɗaruruwan na'urori da jerin kalmomi kusan 60 kacal. Ƙa'idojin da suka biyo baya sun ɗora nauyin gyara a kan masu ƙerawa, kuma kamfanonin da ke sayarwa a Turai da Birtaniya dole su bi. Wanda ke saye a wata kasuwar zai amfana ne idan ya zaɓi kayan irin waɗannan kamfanoni, ya yi tambayoyi ukun nan, ya kuma gyara saitin rautarsa. Wanda ya riga ya ɗaura kyamara, aikin farko shi ne ya buɗe shafin saitinta yau ya gwada admin da admin. Idan ta buɗe masa, za ta buɗe wa duk wanda ya isa gare ta.